Yaƙin Koriya ne ya sa Amurka ɗaura ɗamara, ko faɗuwa ce ta zo daidai da zama?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masu ilimin abin su warware mana. A 1945 Amurka tana da sojoji kusan miliyan 12. Kafin watan Yunin 1950 sun koma ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, kasafin tsaron da Shugaba Truman ya kai wa majalisa kuwa bai wuce dala biliyan 13 da 'yan kai ba. Koriya ta Arewa ta tsallaka iyaka ran 25 ga Yuni, shekara biyu bayan haka sojojin sun kai miliyan 3.6, kuɗin tsaro ya ninka wajen sau huɗu. Tambayata ita ce: duk wannan shiri don Koriya aka yi shi? Ni dai lissafin bai fita mini ba, domin yaƙin da ake yi a ɗan zirin ƙasa ɗaya bai isa ya ci wannan dukiya ba.

Baba Soja: Wa alaikumus salam. Malam Habu, kafin a je ga kuɗi a fara duba halin da sojan yake ciki, don a san inda aka taso. Sojan ƙasa na Amurka runduna goma ne kacal a lokacin, huɗu daga ciki suna zaman mamaya a Japan: ta 7, ta 24, ta 25 da ta ɗaya ta mahaya. Suna ne runduna, amma an fafake su. Kowace rajimanti da ya kamata a ce tana da bataliya uku, biyu gare ta. Bataliyar igwa ita ma rukuni biyu maimakon uku. Wanda bai san aikin ba zai ce ai kashi ɗaya cikin uku kawai aka rage. A'a. Tsarin faɗan nasu shi ne biyu a gaba, ɗaya a baya tana jiran inda za a ɓalle ta toshe. Idan ka cire ta ukun, kwamanda ba shi da abin da zai tare wanda ya zagayo masa ta gefe, kuma zagayen nan shi ne sana'ar 'yan Arewa.

Ran 5 ga Yuli aka ga sakamakon. An tura mutum wajen 540 ƙarƙashin Laftanar Kanar Charles Smith su tare hanya kusa da Osan. Tankokin T-34 ƙirar Rasha sama da talatin suka nufo su. Bazukar da ke hannunsu mai bakin inci 2.36 ce, ragowar yaƙin duniya, harsashinta ya bugi tanka ya tarwatse ba tare da ya huda ba. Harsashin igwa na musamman mai huda sulke guda shida ne kawai suke da shi. Shida! Tankokin suka ratsa su suka wuce. Babbar bazuka mai inci 3.5 an riga an ƙera ta, tsumulmular kasafi ce ta hana a raba, sai da aka yi ta jigilarta ta jirgin sama ta iso lokacin faɗan Taejon. Tankar da suke da ita a Japan ma ƙarama ce, M24, saboda gadojin Japan ba sa ɗaukar manya. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa ranar suka fafe.

Hajiya Rabi: Baba ya kawo gefen fili. Amsar Malam Habu tana cikin wata takarda da ake kira NSC-68. Bayan Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya a Agustan 1949, sannan 'yan gurguzu suka kafa gwamnati a Sin a Oktoba, Truman ya sa a sake nazarin manufar ƙasar gaba ɗaya. Paul Nitze ne ya jagoranci rubutun a ma'aikatar harkokin waje ƙarƙashin Dean Acheson, aka miƙa a Afrilun 1950, wata biyu kafin a harba harsashi ko ɗaya a Koriya. Abin da takardar ta ce a taƙaice: tallafin kuɗi irin na shirin Marshall na sake gina Turai ba zai wadatar ba, dole a gina ƙarfin soja na dindindin, kuma shekarar da haɗari zai fi tsanani ita ce 1954, lokacin da ake hasashen Rasha za ta tara bama-baman da za ta iya yi wa Amurka mummunar illa. Kun ga ke nan shirin yana nan a rubuce, yaƙin ne ya buɗe baitulmali. Takardar ma ba a fito da ita fili ba sai 1975.

Ɗanliti: Hajiya, da gyara. Ana yawan faɗar wannan kamar an gama yanke shawara tun Afrilu, alhali takardar ko adadin kuɗi ɗaya babu a cikinta, kuma da gangan aka bar shi. Truman ya karanta ya mayar ya ce a kawo masa lissafi. Ministan tsaronsa Louis Johnson mutum ne da ya gina sunansa a kan yanke kasafi. Da Kim Il Sung, shugaban Koriya ta Arewa, bai kai hari ba, mai yiwuwa da takardar ta ruɓe a durowa. Sai ƙarshen Satumba aka amince da ita a matsayin manufa, a watan da aka sallami Johnson aka kawo George Marshall.

Hajiya Rabi: Ai ba mu saɓa ba, Ɗanliti. Ban ce an zartar ba, cewa na yi an rubuta. Amma ka ƙara da wannan: harin Yuni ma bai kawo cikakken shirin ba. Babban harin sojojin Sin a ƙarshen Nuwamba ne ya girgiza Washington. Ran 16 ga Disamba Truman ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka jawo wa'adin shirin daga 1954 zuwa tsakiyar 1952, aka kafa ofishin haɗa kan shirin tsaro aka ɗora Charles Wilson shugaban General Electric a kai. A kula, Charles Wilson biyu ne a wannan zamanin. Na General Motors daban, shi ne ya zama ministan tsaron Eisenhower daga baya. Mutane da yawa suna cakuɗa su.

Malam Habu: To madalla. Yanzu a aikace fa? Gwamnatin da ba ta mallaki masana'anta ba, ta yaya take sa ɗan kasuwa ya bar ƙera firiji ya koma ƙera tanka?

Injiniya Bashir: Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa, Malam. Makamin shi ne dokar samar da kayan tsaro da aka sa wa hannu ran 8 ga Satumban 1950. Babi bakwai gare ta. Na ɗaya ya ba shugaban ƙasa ikon cewa kwangilar gwamnati ce gaba da ta kowa, da ikon raba ɗanyen kaya. Na biyu ƙwace kadara a biya diyya. Na uku ba da bashi da lamuni da alkawarin saye don a faɗaɗa masana'antu. Na huɗu ƙayyade farashi da albashi, na biyar sasanta rikicin ma'aikata, na shida taƙaita sayen kaya da gidaje bashi, na bakwai sauran tanade-tanade. Na ɗaya da na uku da na bakwai suna aiki har yau, su ne aka ɗauko lokacin korona.

Da farko sun fara da hatimin fifiko. Duk odar soja a buga mata alamar DO, mai masana'anta ya ajiye ta farar hula ya fara da ita, shi ma ya miƙa alamar ga wanda yake sayen kaya a wurinsa, haka har a kai ga mai narka ƙarfe. Matsalar wannan tsari sananniya ce tun yaƙin duniya: hatimi ba ya haifar da ƙarfe. Idan kowa yana riƙe da takardar fifiko, babu mai fifiko, an dai koma layi ne da takarda a hannu. Shi ya sa daga 1 ga Yulin 1951 suka dawo da tsarin da Ferdinand Eberstadt ya tsara a 1942. Maimakon a bi dubban kaya, sai a kama uku kawai: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe da alminiyam. Duk wata uku kowace ma'aikata ta kawo buƙatarta, a auna da abin da ƙasa za ta iya fitarwa, a yanka wa kowa rabonsa, shi kuma ya raba wa 'yan kwangilarsa. Jimillar takardun rabo ba za ta wuce ƙarfen da ke akwai ba. Wanda ya riƙe waɗannan ukun ya riƙe wuyan kowace masana'anta ba tare da ya taka ƙofarta ba.

Sai zumar da aka lasa wa 'yan kasuwa. Wanda ya gina masana'antar da gwamnati ta ba wa takardar shaidar buƙata, an yarda ya cire kuɗin ginin daga ribar da za a yi wa haraji cikin shekara biyar, maimakon ashirin ko fiye. Da wannan aka ninka alminiyam da ƙasar ke iya fitarwa, ƙarfe ya tashi daga wajen tan miliyan 100 a shekara zuwa sama da 120.

Inda abin ya cije shi ne injinan sassaƙa ƙarfe, wato uwayen injina masu yanka da huda da goge sassan wasu injinan. Masu ƙera su ƙananan kamfanoni ne da kasuwarsu ta mutu bayan 1945, domin gwamnati ta zubar da rarar na yaƙi da arha, ƙwararrun ma'aikatansu sun watse. Ga shi injin jirgin jet yana buƙatar sababbin nau'o'i, ga ƙayyade farashi ya kama su a farashin da ba riba. Sai ka ga an gama ginin masana'anta, rufi da lantarki da komai, tana zaune wata da watanni tana jiran inji. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1952 aka ja wa'adin shirin gaba, musamman burin kai sojan sama rukuni 143.

Ɗanliti: Injiniya, ka taɓo abin da ke goyon bayan Malam Habu. A yaƙin duniya an tsayar da ƙera motar farar hula ɗungurungum a Fabrairun 1942. A na Koriya ba a tsayar ba, ragewa aka yi: daga mota wajen miliyan 6.7 a 1950 zuwa wajen 4.3 a 1952. Yaƙin duniya ya ci kusan kashi 40 cikin ɗari na arzikin ƙasa, wannan bai wuce 14 ba. Ba su so su juya ƙasar gaba ɗaya, so suke su gina layukan da za su riƙa aiki kaɗan-kaɗan, ranar da babban yaƙi da Rasha ya tashi a ƙara musu ma'aikatan dare kawai.

Injiniya Bashir: Haka yake. Kuma galibin abin da aka yi faɗan shekarar farko da shi tsohon kaya ne. Tun kafin yaƙin Janar MacArthur, kwamandan sojan Amurka a Japan, ya sa ana kwaso motoci da bindigogin da aka watsar a tsibiran Fasifik ana gyara su a Japan. Odar manyan motoci ta sojan Amurka ce ma ta ceto Toyota daga durƙushewa a 1950.

Maman Ilham: Don Allah a yi bayanin ɓangaren talaka. Farashi bai tashi ba?

Hajiya Rabi: Ya tashi mana, 'yar'uwa, kuma tsoro ne ya fara tayar da shi kafin kuɗin gwamnati su shiga kasuwa. Mutanen da suka sha rabon kaya da kati a yaƙin duniya suna jin labarin Koriya suka ruga sayen sukari da taya da firiji, kamfanoni suka shiga ɓoye ɗanyen kaya. Majalisa ta ba Truman ikon ƙayyade farashi tun Satumba, ya tsaya roƙon 'yan kasuwa su kame da kansu. Kowane ɗan kasuwa kuwa ya san daskarewa na tafe, sai ya yi maza ya ɗaga nasa don a daskare shi a sama. Kafin a daskare farashi da albashi ran 26 ga Janairun 1951, kayan masarufi sun hau da wajen kashi 8 cikin ɗari. Jinkirin ya saka wa mai haɗama, ya hukunta wanda ya ji roƙon gwamnati. Michael DiSalle, magajin garin Toledo, shi aka ba wannan jan aiki, kuma a bazarar 1951 majalisa ta sassauta dokar da gyaran Sanata Capehart wanda ya bar kamfani ya ɗora ƙarin kuɗin da ya kashe a kan mai saye.

A ganina abin da ya fi kashe wutar haraji ne da matse bashi. Sau uku aka ƙara haraji: Satumban 1950, Janairun 1951 kan ribar da ta wuce kima, da Oktoban 1951. Truman ya dage a biya yaƙin daga aljihu, ba da rance ba, har shekarar kasafi ta 1951 ta ƙare da rara. Mai son mota bashi kuma sai ya ajiye sulusin kuɗin, ya biya saura cikin wata 15. A Maris 1951 babban bankin ƙasar ya samu 'yancinsa daga baitulmali, ya daina tilasta wa kansa riƙe kuɗin ruwa a ƙasa. Daga tsakiyar 1951 farashi ya lafa.

Baba Soja: Talakan da ya fi shan wuya shi ne tsohon soja. Ɗiban sabon yaro ta dokar shiga soja dole yana cin watanni kafin ya iya riƙe bindiga, a Yulin 1950 kuwa babu watannin. Sojojin ajiya iri biyu ne: masu rukuni da ke fita atisaye ana biyansu, da waɗanda sunansu kawai ke cikin rajista, ba atisaye ba albashi. Hankali zai ce a fara da na farko. Sai hukuma ta ce a'a, rukunan nan a adana su ko Rasha za ta motsa a Turai, aka bi na biyun ɗaya-ɗaya ana cike gurbi da su. Mutumin da ya yi yaƙin duniya, ya yi aure, ya buɗe shago, shi aka aika wa takarda, mai karɓar kuɗin atisaye yana gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda idon manyan yake.

A Yunin 1951 aka gyara doka: shekarun ɗiba suka sauko zuwa 18 da rabi, zaman soja ya tashi daga wata 21 zuwa 24. Wajen mutum miliyan ɗaya da rabi aka ɗiba a tsawon yaƙin. Aka kuma kawo tsarin maki: wata ɗaya a bakin daga maki huɗu, na baya ƙasa da haka, mai 36 ya tafi gida. Adalci ne ga mutum, amma illa ce ga rukuni, domin daidai lokacin da soja ya san ƙasar ya san abokan faɗansa, lokacin zai tafi a kawo baƙo. Wannan ciwon suka ɗauka suka kai Biyetnam.

Barista Zainab: Ranka ya daɗe Baba, bari in shigo da ɓangaren shari'a, don a nan ne shirin ya ci karo da bango. Tun farko Truman bai nemi majalisa ta ayyana yaƙi ba. Ya dogara da ƙudurorin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka wuce saboda Rasha tana ƙaurace wa zaman kan batun kujerar Sin. Wannan ya dawo ya cije shi a 1952.

Ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta Philip Murray ta nemi ƙarin albashi, hukumar albashi ta ba da shawarar a ƙara. Kamfanoni suka ce sai an bar su su ƙara wajen dala 12 a kan tan, ofishin farashi ya ƙi. Charles Wilson na ofishin shirin tsaro ya goyi bayan a ba kamfanoni wani abu, ya ga shugaban ƙasa ya juya masa baya, ya ajiye aiki a ƙarshen Maris. Truman yana da dokar Taft-Hartley da za ta dakatar da yajin aiki kwana 80, amma dokar ce da ya hau kujerar naƙi a kanta a 1947 aka fi ƙarfinsa, ga zaɓe na tafe, ga ma'aikata sun riga sun jinkirta yajin da kansu fiye da wata uku. Sai ran 8 ga Afrilu ya umarci ministan kasuwanci Charles Sawyer ya karɓe masana'antun. Ran 2 ga Yuni Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wannan iko, alƙalai shida a kan uku. Hujjar mai ƙarfi ita ce majalisa ta taɓa duba ba da ikon ƙwacen a 1947 ta ƙi, kuma zama babban kwamandan askarawa bai mai da masana'antar ƙarfe da ke jihar Ohio filin daga ba. Aka tafi yajin kwana 53, a ƙarshe aka ƙara albashi, kamfanoni suka samu dala 5.20 a kan tan. An gudu ba a tsira ba.

Ɗanliti: Mu koma kan tambayar asali. A bi sojan a ga inda ya tafi. Cikin rundunonin tsaron jihohi takwas da aka kira, biyu ne suka je Koriya, ta 40 da ta 45. Biyu Jamus aka kai su, ta 28 da ta 43. A Disamban 1950, ana tsakiyar gudu daga sojojin Sin, aka naɗa Eisenhower kwamandan NATO. Sanata Robert Taft da tsohon shugaba Hoover suka yi ta adawa da jibge soja a Turai, amma a Afrilun 1951 majalisar dattawa ta amince da ƙarin runduna huɗu. A watan ne aka tuɓe MacArthur, wanda ke son a faɗaɗa yaƙin zuwa cikin Sin, a Mayu kuma Janar Bradley, shugaban hafsoshin sojan Amurka, ya gaya wa majalisa cewa hakan zai zama yaƙin da bai dace ba, a wurin da bai dace ba, da abokin gabar da bai dace ba. Daga nan maganar sake ba Jamus ta Yamma makamai, yarjejeniyar tsaro da Japan a Satumban 1951, jiragen ruwa a mashigin Taiwan, kuɗi ga Faransa a Indocina. Koriya kuwa har ƙarancin harsashin igwa aka yi, Janar Van Fleet, wanda ya jagoranci sojan ƙasa na Amurka a can, ya kai ƙara gaban majalisa a 1953.

Ɗan Bukuru: Malamai, kuna ta zagaya duniya kun tsallake gida. Shirin nan ya iso har Filato. Babi na ukun da Injiniya ya ambata da rumbun ajiyar ma'adinai na Amurka su suka tayar da kasuwar kwalambayit. Ƙarfen da ake fitarwa daga cikinsa ana zuba shi a gaurayen da ke jure zafin injin jet, kuma a shekarun nan mafi yawan na duniya daga Nijeriya yake fita. Da can shara ne a wurin masu haƙar kuza, yana fitowa tare da ita yana ɓata mata daraja. A 1952 Amurka ta sa garaɓasar ninkin farashi, sai kamfanoni suka koma kan tsofaffin tulin ƙasar da suka zubar suna sake wankewa. Ruwa kaɗai ba ya raba su da kyau don nauyinsu ya yi kusa, sai an busar an bi da su ta injin maganaɗisu, ya ja kwalambayit ya bar kuza. A 1955 Amurka ta ce ta samu adadin da take so ta daina saye, farashi ya faɗi warwas, aka shiga sallamar leburori.

Malam Habu: Ikon Allah. Ita kuzar fa, ba ta samu irin wannan garaɓasa ba?

Ɗan Bukuru: Ta samu na ɗan lokaci, Malam. Daga Yunin 1950 zuwa farkon 1951 farashinta ya ninka har da ɗoriya. Sai kwamitin Sanata Lyndon Johnson ya zargi masu haƙa da tsuga wa Amurka kuɗi, a Maris 1951 gwamnati ta dakatar da saye don rumbu, ta kuma riƙe shigo da kuza a hannunta ita kaɗai har farashin ya sauko. Malaya da Bolibiya suka fi jin jiki don su ne manya, kuzar Filato kuwa a lokacin Ingila ake kai ta a narka, amma farashin duniya ɗaya ne, ya taɓa kowa.

Injiniya Bashir: Ɗan Bukuru, ƙaramin ƙari: ba kwalambayit kaɗai ba, kobal na Kwango ma haka aka yi ta rububinsa saboda injin jet ɗin nan, har aka sa injiniyoyi su sake gaurayen ƙarfen don a rage yawan da kowane inji ke ci. Wa ke da bayanin yadda Eisenhower ya yi da wannan gada bayan tsagaita wutar 27 ga Yulin 1953? Na san ya rage sojan ƙasa ya jingina da nukiliya don ya fi arha, amma kasafin bai sake komawa kusa da biliyan 13 ba.

Hajiya Rabi: Wannan sai a buɗe masa zare nasa, Injiniya, takardarsa daban ce, NSC 162/2 ta Oktoban 1953. Baba Soja ya fara shirya mana bayanin rigimar da ta jawo tsakanin Eisenhower da Janar Ridgway, shugaban hafsoshin sojan ƙasa.